Tun Ran Gini Tun Ran Zane: Mai Tsara Fasali da Injiniya Wajen Ƙirar Sabon Kaya

Gabatarwa

Wasu shekaru da suka wuce sashenmu na nazarin halittu ya sami ɗan kuɗin bincike, muka yanke shawarar a ƙera mana injin ƙyanƙyasar ƙwai a nan gida maimakon a sayo daga waje. Ni aka ɗora wa alhakin aikin. Na rubuta abin da muke bukata a takarda guda, watau ƙwan kaza yana son zafi wajen digiri 37 da rabi a ma'aunin Salshiyas, yana son danshi, kuma yana son a riƙa juya shi sau da dama a yini har lokacin ƙyanƙyasa ya ƙarato a kwana na 21. Na kai takardar wajen wani abokin aiki gwanin zane, ya fitar mana da fasali mai ban sha'awa: akwati dogo siriri mai ƙofar gilashi da hawa biyar, wanda zai shige kusurwar ɗakin gwaji daram. Muka amince, aka yanka ƙarfe, aka yi walda, sannan aka tura akwatin wajen wani injiniyan lantarki domin ya sa masa kayan ciki.

Da injiniyan ya duba sai ya ga babu inda fanka za ta zauna a baya, saboda haka ya sa abin ɗumamawa a ƙasa, ya haƙura da fankar. Tiren ruwa kuwa ya tura shi can ƙurya, inda hannu ba ya kaiwa sai an fitar da ƙwan hawa na ƙasa. Rashin fanka ya sa zafi bai daidaita ba, wani hawa ya wuce kima, wani bai kai ba. Mafi yawan ƙwan suka zama bara-gurbi, kuma ɗalibar da bincikenta ya rataya a kan injin ta koma farko bayan ta yi asarar watanni. Mai zane ya ce injiniya ne ya ɓata masa aiki. Injiniya ya ce an kawo masa akwatin da aka riga aka rufe aka ce ya yi dabara. Kowanensu gaskiya ya faɗa. Ranar da aka taru neman mai laifi ita ce ranar farko da mutanen nan biyu suka zauna wuri ɗaya, kuma ni ne na raba su, domin ni na ɗauki takarda daga hannun wannan na kai wa wancan.

Wannan abin da ya same mu yana samun manyan kamfanonin duniya, sai dai nasu ya fi namu tsada. A wannan maƙala za mu duba yadda sura da aiki ke tasowa tare a jikin mai rai, sa'annan mu bi labarin kayayyaki uku da tarihi ya adana, watau kwamfuta da jirgin sama da jirgin ƙasa, domin mu ga lokacin da ya kamata mai tsara fasali da injiniya su haɗu, da kuma wanda ya kamata ya zauna tare da su.

Su Wane Ne Mutanen Biyu?

Mai tsara fasali shi ne wanda ke tunanin yadda kaya zai kasance a idon mai saye da hannunsa: girmansa, nauyinsa, launinsa, inda za a riƙe, inda za a danna, da yadda mutum zai gane amfaninsa ba sai an koya masa ba. Injiniya kuwa shi ne ke tunanin abin da ke faruwa a ciki: ina zafi zai fita, wane ƙarfe zai jure nauyi, nawa wutar da za a ci, kuma ta yaya masana'anta za ta ƙera dubu goma duk iri ɗaya. Na farko yana magana da zane da samfuri, na biyu yana magana da lissafi da awo.

Idan mai karatu ya shiga kasuwar Panteka ta Kaduna ya tsaya wajen masu ƙera injin niƙa ko injin casa, zai ga sau da yawa mutum ɗaya ne ke yin aikin biyu, ko kuma mutane biyu a rumfa ɗaya, wannan na magana wancan na ji. Matsala tana farawa ne idan aiki ya girma, aka raba shi ofis-ofis, kowa ya gama nasa ya miƙa wa na gaba. Akwai kuma wani bambanci da ke tsakanin ƙirarren kaya da manhajar kwamfuta. Manhaja idan ta fita da kuskure ana iya aika gyara ta intanet cikin dare guda. Amma kayan da aka zuba da ƙarfe ko roba, aka loda a mota, aka raba wa 'yan kasuwa, gyaransa sai an bi shi gida-gida an dawo da shi. Wannan ne ya sa Hausawa suka ce tun ran gini tun ran zane, domin ado ba ya hawa tukunya bayan yumɓu ya bushe.

Darasi Daga Idon Ɗan Tayi

Da yake ni malamin nazarin halittu ne, bari in fara da abin da na fi sani. Idon ɗan Adam yana fara samuwa a mako na huɗu na ciki, kuma daga wurare biyu dabam yake tasowa. Daga ciki, ƙwaƙwalwar ɗan tayi tana turo wani ɗan ƙunzugu zuwa gefen kai, wanda daga baya zai zama tantanin da ke karɓar haske a bayan ido. Daga waje kuma, fatar da ke lulluɓe da kai tana kauri a daidai wurin, ta lotsa ciki, ta zama ɗan faifan nan garai-garai mai tattara haske, wanda za mu kira madubin ido. Ɗaya ba shi da amfani sai da ɗaya, kuma dole girmansu da nisan da ke tsakaninsu su dace.

A shekarar 1901 wani masani Bajamushe mai suna Hans Spemann, wanda daga baya ya sami lambar Nobel a 1935, ya lalata wannan ƙunzugu a gefe ɗaya na kan ɗan tayin kwaɗo da allura mai zafi. A irin kwaɗon da ya yi aiki da shi, sai fatar wannan gefe ta ƙi yin madubi. Ashe saƙo take jira daga ciki. Binciken da ya biyo baya ya nuna ƙarin abubuwa biyu. Na farko, fatar ba ta amsa wannan saƙo sai a cikin wani taƙaitaccen lokaci, in ya wuce ya wuce ke nan. Na biyu, saƙon ba hanya ɗaya yake bi ba, domin madubin ma yana mayar da nasa. Akwai wani kifi makaho da ke zaune a kogunan ƙarƙashin ƙasa na ƙasar Meziko, sunansa na kimiyya Astyanax mexicanus. Ɗan tayinsa yana fara yin ido, sai madubin ya mutu, sauran idon ya tsuke fata ta rufe shi. A shekarar 2000 wasu masana biyu, Yamamoto da Jeffery, suka ɗauko madubi daga ɗan tayin ɗan'uwansa mai gani da ke zaune a sarari suka dasa masa, sai idon wannan gefe ya ci gaba da girma.

Abin lura a nan shi ne, a jikin mai rai ba a gama waje sa'annan a cusa ciki, ba a kuma gama ciki sa'annan a nema masa riga. Sassan biyu suna aika wa juna saƙo tun suna ɗanyu, kowane yana gyara kansa bisa abin da ya ji. Da wannan ma'auni za mu auna kayayyakin nan uku.

Kwamfutar da Aka Ɗinka wa Riga Kafin a Haife Ta

A shekarar 1980 kamfanin Apple na Amurka ya fito da kwamfuta mai suna Apple III domin ofisoshi da 'yan kasuwa. Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya dage cewa kada a sa mata fanka, domin yana son ta yi aiki shiru. Aka shirya cewa gindin akwatin, wanda aka zuba da alminiyam, shi zai riƙa tsotse zafi yana fitarwa. To, shirya abin zubin irin wannan akwati yana ɗaukar lokaci mai tsawo, saboda haka aka tsayar da girmansa tun injiniyoyi ba su gama allon lantarkin da zai zauna a ciki ba. Da suka zo jera kayansu sai wuri ya kasa, dole suka matse layukan wutar da ke kan allon kusa da juna, ta wata dabara da ba ta gama nuna ba a lokacin.

Kwamfutocin farko da suka isa hannun masu saye suka riƙa tsayawa suna ɓata aiki. Kamfanin ya musanya guda 14,000 na farko, ya sake tsara allon, amma sunan kayan ya riga ya ɓaci, kuma a 1984 aka daina ƙera shi. Har yau akwai saɓani kan ainihin cutar. Mutane da yawa sun ce zafi ne ya yi yawa saboda rashin fanka. Jerry Manock, wanda ya zana akwatin, ya musanta haka, ya ce gwaji ya nuna akwatin yana fitar da zafi yadda ya kamata, laifin na matsattsun layukan allon ne. Mai karatu zai lura cewa ko wane ɓangare aka gaskata, tushen guda ne: an tsayar da waje kafin a san abin da ciki ke bukata. Wannan gardama tasu ita ce irin wadda aka yi a ɗakin gwajinmu a kan injin ƙwai.

Jirgin Boeing 777 da Ƙungiyoyi 238

Shekara goma bayan haka, a 1990, kamfanin Boeing ya ƙaddamar da aikin ƙera sabon jirgin sama mai inji biyu, 777. Jirgi ne mai sassa wajen miliyan uku idan aka haɗa da ƙusoshi. A tsohuwar al'ada, injiniyoyi sukan gama zane su miƙa wa masana'anta, sai an zo haɗawa a tarar bututun mai da igiyar waya suna neman bi ta rami ɗaya, a koma a sake zane, a zubar da abin da aka riga aka yanka. Shugabannin aikin, Phil Condit da Alan Mulally, suka sauya wannan tsari ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko, aka kafa ƙungiyoyi 238, kowace da yankin jirgi da aka ba ta, kamar ƙofa ko wani ɓangare na fiffike. A kowace ƙungiya ana samun mai zane, da wanda zai ƙera, da mai kula da kayan aiki, da mai lissafin kuɗi, da wakilin kamfanin da zai kawo sashen, kuma zane ba ya fita sai sun gamsu tare. Fasalin cikin jirgin, da lanƙwasasshen rufinsa da akwatunan kaya masu lilo da ke saman kujeru, an yi shi ne tare da masu tsara fasali na kamfanin Teague, waɗanda suka daɗe suna aiki da Boeing.

Hanya ta biyu, kowa ya yi aiki a kan zane guda. An zana jirgin baki ɗayansa a kwamfuta da wata manhaja ta kamfanin Dassault na Faransa mai suna CATIA, kuma shi ne jirgin fasinja na farko da aka yi wa haka. Idan wani ya sa bututu inda wani ya riga ya sa ƙarfe, za a ga karon a allo tun ba a yanka komai ba. Har siffar mutum suka yi a cikin kwamfutar, suna tura ta lungu-lungu domin su ga ko hannun makanike zai kai ga abin da zai kwance.

Hanya ta uku, aka gayyato waɗanda za su yi amfani da jirgin. Kamfanonin sufurin sama takwas suka ba da shawara tun daga farko, cikinsu har da United da British Airways da All Nippon. Mutanen United suka lura cewa wurin zuba mai da ke ƙarƙashin fiffike ya yi tsawo ga kayan shan mai da ake da su a filayen jirgi, aka matsar da shi. Suka kuma nemi a ƙara girman maɓallan ƙananan ƙofofin gyara, domin makanike a birnin Shikago yana aiki cikin sanyin hunturu da safar hannu mai kauri. Wannan ilmi ne da mai zane ba zai same shi a ofis ba, injiniya ma ba zai same shi a lissafi ba.

Jirgin ya yi tashin farko ranar 12 ga Yuni 1994, ya fara ɗaukar fasinja a Yuni 1995. Tun kafin ya fara aiki hukumar kula da sufurin sama ta Amurka ta ba shi izinin bin hanyoyin da ke da nisan tafiyar minti 180 daga filin sauka mafi kusa, izinin da jiragen da ke da inji biyu a da ba sa samu sai bayan sun daɗe suna aiki an ga amincinsu.

Jirgin Ƙasa Mai Bakin Tsuntsu

Misali na uku ya fi kusa da zuciyar masanin halittu, kuma yana ɗauke da gargaɗi. A farkon shekarun 1990 kamfanin jirgin ƙasa na yammacin Japan, JR West, ya so ya ƙara gudun jiragensa na Shinkansen ya wuce kilomita 270 a awa, tsakanin Osaka da Hakata. Abin da ya tare hanya shi ne ƙara. Dokar Japan ta 1975 ta ƙayyade ƙarar waɗannan jirage a kan desibel 70 a unguwannin zama, 75 a wuraren kasuwanci da masana'antu. Daɗin daɗawa, wajen rabin wannan hanya ramuka ne da aka huda cikin duwatsu. Idan jirgi ya faɗa rami da gudu, yana tura iskar da ke gabansa kamar yadda sandar famfon keke ke yi, iskar ta matsu, ta yi gaba da saurin sauti, ta fashe a ɗaya bakin da ƙara kamar ta bindiga, mazauna kusa su firgita.

Injiniyan da ya jagoranci sashen binciken, Eiji Nakatsu, mutum ne mai sha'awar kallon tsuntsaye, kuma ɗan ƙungiyar masu nazarinsu ta Japan. Ya san cewa mujiya tana tashi shiru, kuma ɗaya daga dalilan haka shi ne wasu ƙananan haƙora kamar na mataji da ke gefen gashin fiffikenta, masu farfasa guguwar iska ta zama ƙanana. Aka kwaikwayi wannan a jikin hannun da ke saman jirgi mai shafar wayar lantarki, ƙararsa ta ragu. Game da ramuka kuwa, ya tuna da tsuntsun nan masunci mai dogon baki, na dangin Alcedinidae, wanda ke faɗawa ruwa daga sama ba tare da fantsama mai yawa ba, alhali ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800. Shi ma jirgi daga iska sakakkiya yake faɗawa cikin matsattsiya. Ba su tsaya ga kamance ba. Sun harba harsasai masu siffofi dabam-dabam cikin bututu suna auna matsin iska, sun yi lissafi da babbar kwamfuta, siffar da ta yi fice kuwa ta zo kusa da bakin tsuntsun. Wani bincike da aka buga a 2019 ya ƙarfafa wannan, inda aka gwada bakunan nau'o'i da dama na wannan dangi, aka ga na masu nutso sun fi na masu farauta a tudu ratsa ruwa cikin sauƙi.

Mai tsara fasali Bajamushe, Alexander Neumeister, shi ya ba jirgin surarsa ta waje, ya haɗa hanci mai tsawon mita 15 da jiki mai kusan da'ira kamar na jirgin sama. A nan ba a ce ga lissafi ga ado ba, domin siffar da ta kashe ƙarar ita ce ta ba jirgin kyau. Jirgin, wanda ake kira samfurin 500, ya fara aiki a Maris 1997 da gudun kilomita 300 a awa.

Ga gargaɗin. Dogon hancin ya cinye wuri a taragon farko da na ƙarshe, har kowanensu ya rasa ƙofar fasinja ɗaya. Jikin mai da'ira ya matse wa wanda ke zaune jikin taga. Jerin kujerun kowane tarago ya bambanta da na sauran jiragen da ke bin hanyar zuwa Tokyo, saboda haka idan an sami tsaiko ba shi da sauƙi a musanya shi da wani jirgi bayan an sayar da tikiti. Ga kuma tsada. Guda tara kawai aka ƙera. Samfurin 700 da ya biyo baya a 1999 ya zo da gajeren hanci mai faɗi kamar bakin agwagwa, kuma a 2010 aka janye samfurin 500 daga jerin jiragen da suka fi sauri. Mai zane da injiniya sun yi jituwa iyakar jituwa, amma bukatar mai tsara jadawalin tafiya da ta fasinja ba su sami cikakken gurbi ba. Masanin halittu ya san wannan: baki mai kyau wajen kama kifi ba lalle ya yi kyau wajen fasa tsaba ba, kuma kowace siffa tana da abin da aka biya aka same ta.

Abin da Za a Ɗauka

Daga waɗannan labarai za mu iya fitar da ƙa'idoji biyar, waɗanda ƙaramar masana'anta za ta iya bi kamar yadda babba za ta iya.

Ta farko, a zauna tare kafin a ja layin farko. A wannan zama kowa ya faɗi abin da ba zai iya sassautawa ba, tare da dalilinsa. Da injiniyanmu ya ce yana bukatar taƙi ɗaya a baya domin fanka, mai zane zai ba shi cikin minti biyar, domin a takarda taƙi ɗaya gogewa ce da sake zane. Bayan walda kuwa sabon akwati ne.

Ta biyu, a yi samfuri mai araha da wuri. Akwatin kwali ko na katako, da kwan fitila a madadin abin ɗumamawa da ma'aunin zafi a kowane hawa, da ya tona asirin injinmu cikin yini guda. Samfurin farko ba don a burge shugaba ake yin sa ba, saboda haka muninsa ba aibi ba ne.

Ta uku, zane ya zama guda. Ko a kwamfuta yake ko a takardar da aka manna a bango, duk wanda ya sauya wani abu a can zai sauya, kowa ya gani, a kuma rubuta dalili. Zane biyu a ofis biyu su ne mafarin kaya biyu da ba za su haɗu ba.

Ta huɗu, a kira wanda zai ƙera, da wanda zai gyara, da wanda zai yi amfani. A sashenmu akwai ma'aikacin ɗakin gwaji da ya shekara yana juya ƙwai yana zuba ruwa a tire. Da mun nuna masa zanen, tambayarsa ta farko ita ce ta ina zai sa hannu. Babu wanda ya tambaye shi.

Ta biyar, a sami mai yanke hukunci guda wanda yake jin harshen ɓangarorin biyu. Zama tare ba ya kawar da saɓani, fito da shi fili yake yi tun ana iya magance shi. Kamfanin Toyota ya daɗe da al'adar naɗa babban injiniya guda ga kowace mota, wanda alhakinta ke wuyansa daga zane har kasuwa. Lokacin da ake shirya motar Prius, wadda ta fito a 1997, babban injiniyanta Takeshi Uchiyamada ya tara shugabannin sassa a babban ɗaki guda, aka lilliƙa zane da jadawali a bango, ana yanke magana nan take. Japanawa suna kiran wannan ɗaki obeya, kuma kamfanoni da yawa sun ara.

Dole a faɗi cewa wannan hanya tana da nata nauyi. Taro yana cin lokaci, kuma a watannin farko sai a ga kamar aiki ba ya tafiya, domin gardama ake yi ba a yanka ƙarfe. Shugaban da ke son ya ga abu a ƙasa da wuri zai ƙosa. Amma gardamar da aka ƙi yi a kan takarda ba ɓacewa take yi ba, jira take sai an kashe kuɗi ta dawo.

Kammalawa

Akwai aiki a nan ga jami'o'inmu. Ɗalibin zane da ɗalibin injiniya sukan yi shekaru a haraba guda, su ci abinci wuri guda, amma su fita ba su taɓa ƙera ko da kujera tare ba. Ranar da suka haɗu a masana'anta, wannan yana ganin wancan mai son ado ne da bai san lissafi ba, wancan yana ganin wannan mai taurin kai ne da bai san mutane ba. Da za a haɗa su a aikin shekarar ƙarshe, a ba su matsala guda ta gaske, kamar na'urar busar da tumatir ko akwatin ajiyar allurar rigakafi, a kuma tura su wajen manomi ko ma'aikacin asibitin da zai yi amfani da ita, da sun koyi harshen juna tun kuskure bai fara tsada ba.

Mu dai mun sake injin ƙwanmu a shekara ta gaba. A wannan karo na tara mai zane da injiniya da mai walda da ma'aikacin ɗakin gwaji a kan teburi guda, da kwali da almakashi a gabansu. Sun yi musu har la'asar. Akwatin da ya fito gajere ne mai faɗi, hawa uku, da fanka a baya da tiren ruwa da ake jawowa daga waje. Bai shiga kusurwar da muka tanada ba, sai da muka matsar da kabad. Kwana 21 bayan an zuba ƙwai, ma'aikacin ɗakin gwajin ya zo ofishina da sassafe ya ce in zo in ji kukan 'yan tsaki.